Ɗakin da Ammi Belkhair Ya Gina Cikin Rumfar Kwano

Duk wanda ya taɓa yin sammako a garinmu Hassi Ramla cikin watannin sanyi ya san Ammi Belkhair, wato Baffa Belkhair, ko da ta baya ne. Ana sallame sallar asuba zai fito daga masallaci, ya ja hular kashabiyarsa, doguwar rigar ulun nan ta sanyi, har gira, ya bi ta gefen kasuwar tumaki yana ɗan jan ƙafar hagu. Ba ya tsayawa shan kofi a shagon kowa. Babbar rumfar kwano ta ƙungiyar makiyaya yake nufa. Zai doki gindin ƙofar da dunduniya don ƙanƙarar da ta riƙe ta ta saki, ya tura, ya ratsa tsakanin buhunan sha'ir, har ya isa wani ɗan ɗaki na katako da ke zaune a kusurwar gabas. A nan zai ƙwanƙwasa bututun hayaƙi ya saurara, ya kunna murhu, ya durƙusa ya kai tafin hannunsa bakin wata 'yar kafa da ke kusa da ƙasa don ya ji ko iska na shigowa. Sannan ya ɗora buta.

Ƙarfe takwas mata masu saƙa za su fara isowa suna hura hannuwa. Su tarar da ɗaki ya yi ɗumi, ruwa na tafasa, shi kuma ba ya nan. Yana can bayan rumfa yana waldar kwamin shan ruwan tumakin wani.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana riƙe da makullan rumfar nan, kuma ƙarshen wannan wata zai miƙa su. Gwiwoyi sun ƙi. A takardar ɗaukarsa aiki an rubuta mai gadi ne, kuma har yau ba wanda ya gyara rubutun, ko da yake shi ne kafintanmu, shi ne mai waldarmu, shi ake kira in famfo ya fashe. Ayyukansa suna da yawa, amma ɗaya nake so in ba da labarinsa tun yana jin abin da ake faɗa da kunnensa.

An gina rumfar ne don ajiye abincin dabbobi. Ginshiƙan ƙarfe ne da kwano sama da gefe, tsayinta ya isa babbar mota ta shiga da kayanta. Da zafi tanderu ce. Da sanyi kuwa ta fi waje muni, domin a waje aƙalla rana tana taɓa mutum. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ƙungiya ta ba mata goma sha huɗu kusurwa ɗaya su kafa katakon saƙarsu, saboda gidaje sun yi musu kaɗan, kuma saƙar kashabiya aiki ne na hannu da yawa. Shugabarsu Khalti Barkahum, wato Inna Barkahum, mace mai ƙaramin jiki da muryar da ke kaiwa bakin titi, ita ta yi ta zarya har aka ba su wurin. Mahaifiyata na cikin matan, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsince shi ba.

Daga bazara zuwa kaka aiki ya tafi lafiya. Da Disamba ta shigo sai yatsu suka fara tsagewa. Zare ya riƙa kuɓucewa daga hannun da ba ya jin kansa. Suka zo da kaskon gawayi guda uku suka jera tsakaninsu, sai wani sabon abu ya ɓullo: da hantsi ya yi, ruwa ya dinga ɗiga daga rufi a kan saƙa, alhali sama garau take. Khalti Barkahum ta aika a kira mai gadi.

"Si Belkhair, rufinka na yoyo."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya hau tsani ya shafa kwanon, ya sauko yana goge hannu a riga.

"Ba ya yoyo, Khalti. Ruwan nan daga bakinku yake."

"Daga ina?"

"Numfashinku ne da tururin shayinku. Yana hawa sama, ya tarar da kwano mai sanyi, ya zama ƙanƙara. Rana na taɓa shi sai ya dawo muku. In kun rage hira, zai rage."

"To sai mu daina numfashi don mu faranta wa kwanonka rai. Ku ji mini mutum!"

Aka yi dariya, aka shimfiɗa leda a saman katakon saƙa, aka ci gaba da haƙuri. Haka suka ci sanyi biyu.

A sanyi na uku ne, wata ranar Talata da iska ta taso tun safe, matan suka kewaye kusurwarsu da barguna da tamfol har sama, suka toshe duk wata kafa, suka ƙara gawayi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya kowa na kukan ciwon kai, kowa na ɗauka mura ce. Rebiha, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kuma saƙar nan ce abincinsu, ta ce bari ta ɗan jingina. Ta jingina ba ta tashi ba. Ammi Belkhair ya shigo neman guduma. Yana ɗaga bargon ƙofa ya ga wutar kasko ta yi lis, ya ga mata sun yi shiru, su da ba a san su da shiru ba. Bai tambayi kowa komai ba. Ya fizge tamfol ɗin gaba ɗaya, ya wangale babbar ƙofa, ya yi ta ihu su fita. Shi da mahaifiyata suka ɗauko Rebiha suka kwantar da ita a kan dusar ƙanƙara, ya tare motar wani mai sayen raguna aka kai ta asibiti a birnin Jalfa. Kwananta huɗu. Likita ya ce gubar hayaƙin gawayi ce, da an ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi.

Shugaban ƙungiya, Si Amur, wato Malam Amur, mutumin kirki ne, kuma tsoro ya kama shi. Ya tara mutane ya ce daga yau ba saƙa a rumfa daga Nuwamba zuwa Maris. Wata biyar ke nan, kuma su ne watannin da ake neman kashabiya. Khalti Barkahum ta ce in haka ne gara a ce musu su watse kawai. Wani ya kawo shawarar a sayo manyan na'urorin ɗumama wuri. Ammi Belkhair, wanda ba ya magana a taro, ya gyara murya daga bakin ƙofa inda yake tsaye.

"Si Amur, ko ka ƙona man da ke cikin garin nan duka, rumfar nan ba za ta yi ɗumi ba. Zafin zai hau sama ya fita ta kwano ya bar su a ƙasa suna rawar ɗari. Su goma sha huɗu ne. Me ya haɗa su da ɗumama wurin da mota ke shiga? A yi musu ɗaki a ciki, daidai su."

"Da me, Ammi? Ka san abin da ke hannunmu."

"Ka ba ni tsofaffin katakon da ake ɗora buhuna a kai, da murhun nan da makaranta ta yar. Sauran ka bar mini."

"In aka sake kwasar wata zuwa asibiti fa?"

"Ranar da na gama, ni zan fara yini a ciki, ƙofa a rufe, wuta na ci. In na fito da ƙafata, su shiga."

Si Amur ya ba shi zuwa kaka.

Lokacin sausayar tumaki ya zo. Kowa a nan ya san abin da gashin tumaki ya zama a shekarun nan: ana zaɓar mai kyau don saƙa, sauran, mai kaushi da datti, ba mai saye, sai a zubar a kwari ko a cinna masa wuta. Ammi Belkhair ya ari amalanke da jaki ya dinga bin makiyaya zango zango yana roƙon abin da za su zubar. Suka yi ta ba shi suna tsokana.

"Ammi, amarya za ka yi ne kake tara katifa?"

"Katifar babarka zan yi, tunda kai ka kasa."

Matan suka wanke gashin a bakin rijiya, kwana da kwanaki, suka shanya, suka barbaɗa masa wani farin gari da likitan dabbobi ya ce yana hana asu. Shi kuma ya cire ƙusoshin tsofaffin katako ɗaya bayan ɗaya, yana miƙe su da guduma yana tarawa a gwangwani. Cikin Oktoba ɗaki ya tsaya. Don ya rage aiki da katako, ya jingina shi da bangon rumfar ta gefe biyu, ya cusa gashin tumaki tsakanin kwano da falanki. Ya yi yininsa a ciki kamar yadda ya yi alkawari, ya fito yana gumi, mata suka yi guɗa.

Mako uku kawai aka yi ana murna. Wani wari ya fara tashi, irin na rigar da aka manta cikin bokiti. Falankin gefen bango ya yi baƙi daga ƙasa. Ammi Belkhair ya ɓalle guda ɗaya ya zura hannu, ya fito da gashi sharkaf, yana ɗigar ruwa. Abin da ya gaya wa Khalti Barkahum shekara uku baya, shi ne ya manta da shi a aikinsa: tururin ɗaki ya ratsa falanki, ya isa kwano mai sanyi, ya zama ruwa, gashi ya shanye.

A nan ne nake ganin girman mutumin. Da wani ne, da ya ce gashin ne ba a busar da shi da kyau ba, laifi ya koma kan mata. Shi kuwa ya tsaya gabansu riƙe da jiƙaƙƙen gashin ya ce, "Ni na yi kuskure. Na haɗa shi da kwano, bai kamata ba. Ku ba ni kwana goma." Ga sanyi ya kawo kai, ga 'yan kasuwa na jiran kaya. Khalti Barkahum ta dube shi sama da ƙasa.

"Kwana goma kai kaɗai da wannan ƙafar taka? Rebiha, ɗauko guduma. Ke Hadda, kira sauran. Kai kuma ka daina tsayuwa kamar an yi maka mutuwa, ka nuna mana inda za mu fara."

Kwana bakwai suka yi. Suka kwance bango biyun, suka ja ɗakin gaba ya rabu da kwano da kamu biyu, yadda iska za ta riƙa zagayawa ta bayansa. Kowane bango ya zama falanki biyu da busasshen gashi a tsakiya, an cusa shi ba a danne ba, domin ya ce iskar da ke maƙale cikin gashin ita ke riƙe ɗumi. Ta ciki, kafin a buga falankin ƙarshe, ya sa aka shimfiɗa leda mai kauri aka liƙe bakinta, don kada tururi ya sake samun hanya. Rufin ɗakin ya yi shi ƙasa ƙasa, mutum ya miƙa hannu ya taɓa, ya zuba masa gashi ninki biyu na bango. Daɓen siminti ma bai bar shi ba, don shi ke shan ɗumin ƙafa. Ya jera katako a kai, ya cika ƙarƙashinsu. Ya yanka kwanon kudu ya sa taga mai gilashi biyu, ya yi mata akwati har zuwa bangon ɗaki, saboda masu saƙa su ga launin zare. Ƙofa biyu ya yi, da ɗan soro a tsakani, a rufe ɗaya kafin a buɗe ɗaya. Murhun makarantar nan mai cin man dizal ya wanke shi ya yi masa walda, ya zaunar da shi a kan bulo nesa da katako, ya ja bututunsa ya huda rufin rumfa har waje. Daga ƙarshe ya huda wata kafa kamar faɗin tafin hannu a gindin bango kusa da murhu, ya sa mata bututu zuwa waje da raga a baki.

Wannan kafar ce ta haɗa shi faɗa da Khalti Barkahum har tsawon sanyi guda. Kullum da safe sai ya tarar an cusa mata tsumma. Kullum ya cire. Wata rana ya kama ta hannu dumu dumu.

"Khalti, ke ce ɓeran da ke toshe mini kafa?"

"Ka gina ɗaki don ɗumi, sannan ka huda shi sanyi na cizon idon sawuna. Wannan wane irin hankali ne?"

"Wuta ma numfashi take yi. In ba ta samu iska daga waje ba, taku za ta sha."

"Kai dai ka cika iyayi."

Rebiha ce ta ɗago kai daga saƙarta ta ce a hankali, "Khalti, ki bar masa kafarsa. Ni na san abin da yake faɗa." Tun daga ranar ba a sake ganin tsumma a wurin ba. Shi kuma washegari ya kawo wani ɗan allo ya kafa gaban kafar, iska ta riƙa juyawa wajen murhu maimakon ƙafafun tsohuwa. Ba ta gode masa da baki ba. Ta dai aika masa da kwanon berkukes, dambun alkama mai romo, da zafinsa da naman rago a sama, ta ce wa mai kaiwa ta gaya masa ragowa ce.

A Janairun shekarar aka yi dusar ƙanƙarar da ta rufe hanyar Jalfa kwana uku. Ruwan da ke cikin bokiti a tsakiyar rumfa ya daskare har ƙasa. Taku goma daga bokitin nan, mata goma sha huɗu na zaune sun cire mayafan ulu suna saƙa. A rana ta biyu da azahar wata motar haya ta maƙale a bakin gari da fasinjoji tara, har da mace mai jariri ɗan wata biyu. Ammi Belkhair ya je da shebur, ya ga ba ta fituwa, ya taso su gaba zuwa rumfa. Direban ya ba da labari daga baya cewa da ya ga kwano ransa ya ɓaci, ya ce a zuciyarsa tsohon nan zai kashe su. Da aka buɗe ƙofa ta biyu ɗumi ya bugi fuskarsa, sai ransa ya kwanta. Matan suka matsa, aka ba mai jego wuri kusa da murhu, aka gutsura gurasa da dabino. Daga ɗakin ne aka rarraba baƙin zuwa gidaje kafin magariba.

Direban nan ne ya kai labari gaba. Bakaniken garin da ke gaba da mu ya zo ya duba, ya koma ya yi irinsa a garejinsa. Wani mai kiwon kaji ya zo, sai masu gyaran taraktoci. Duk wanda ya zo, Ammi Belkhair zai ajiye abin da yake yi ya zagaya da shi, kuma ba ya farawa da wurin da ya yi kyau. Bayan ɗakin yake fara kai mutum, ya nuna masa tabon tsatsa a jikin kwano ya ce, "Ka ga nan? Nan na yi wauta. Kada ka maimaita." Yau a yankinmu na san ɗakuna bakwai irin wannan. Ba ɗaya da ke ɗauke da sunansa.

Ammi Belkhair, yanzu da kai nake. Kai ne ka ga abin da kowa ke zubarwa a kwari ka ce yana da sauran amfani, ka jure dariyar yaran da ka haifi iyayensu. Kai ne ka tsaya gaban mata goma sha huɗu ka ce ka yi kuskure, a garin da namiji zai gwammace ya rasa rago da ya faɗi wannan kalma. Saƙar da aka so a rufe, yau mata ashirin da shida ke ci daga gare ta, kuma an ƙara wa ɗakin tsawo sau biyu. Babbar 'yar Rebiha tana karatun aikin jinya. Ba za ka yarda kana da hannu a wannan ba, na sani, za ka ce uwarta ce ta saƙa. Gaskiya ne ita ta saƙa. Amma da yatsu masu ɗumi ta saƙa, mai hannun albarka, kuma sanyi takwas ke nan ba wadda ta sake jingina da ciwon kai a wurin nan.

Makon jiya Si Amur ya tambaye shi wa zai riƙa kula da murhu bayansa. Ya ce ai an daɗe da gama wannan magana. Ashe tun sanyin bara yake koya wa Rebiha kwance bututu da kakkaɓe shi, da gane lafiyar wuta daga launin harshenta. Ita za ta karɓi makullin ɗakin. Matan kuma sun saƙa masa kashabiya ta gashin raƙumi a ɓoye, kowacce ta sa hannu. Da aka yafa masa, ya shafa ta ya juya ta ciki, ya ce ɗinkin wuyan ya ɗan karkace. Khalti Barkahum ta ce ya cire ya ba ta kayanta. Ya riƙe gam, idonsa ya ciko, ya ce a bari, zai yi haƙuri da ita haka nan.

Mun gode, Ammi. Allah Ya ba gwiwoyinka sauƙi, Ya ɗumama tsufanka kamar yadda ka ɗumama wa iyayenmu wurin neman abincinsu, Ya sa ka daɗe kana yi mana faɗa.

Ku kuma masu karatu, ku duba kusa da ku. A kowane gari akwai wanda ke aiki cikin wahalar da kowa ya saba gani har an daina ganinta, kuma sau da yawa maganinta bai fi ƙarfin hannun mutum ɗaya da ya damu ba. In kuna da rumfar kwano da mutane ke daskarewa a ciki, kada ku jira sai an ɗauki wani ranga ranga. Mutumin yana nan da ransa, gida na uku bayan masallaci, mai shuɗiyar ƙofa, kuma daga wata mai zuwa ba shi da abin yi sai karɓar baƙi. Ku je da awon rumfarku a rubuce, tsawo da faɗi da tsayi. In kuka je ba awo, zai ba ku kofi, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya miƙo muku igiyar awonsa ya ce ku koma ku dawo.